Haƙoran Nazmiye da Harshen Tsuntsaye

Shekara uku ke nan da kunnuwan Refik suka daina ɗaukar magana. Ko ka tsaya a gabansa ka yi ta kwarara ihu, sai ya dubi bakinka ya yi murmushi ya ce, "Haka ne," ko da kuwa ce masa ka yi rufin gidansa ya kama da wuta. Ɗansa Sedat ya sayo masa na'urar ji daga Istanbul. Kwana biyu ya yi da ita a kunne, ya zare ya jefa cikin aljihun tebur, ya ce shi ba zai ƙarasa rayuwarsa da amyar zuma a cikin kai ba. Abu ɗaya ne ya rage da ke ratsa kunnuwan nan, shi ne fito, kuma fiton ma sai mai ƙarfi.

To Allah ya taimake shi, a inda fito yake magana aka haife shi. A wannan kwari na ƙasar Turkiyya, gida nan gida can a manne a jikin dutse, kana hango maƙwabcinka yana shanya, amma kafin ka gangara rafi ka haura wurinsa an yi sa'a guda. Saboda haka Turkancin da ake yi da baki shi ake yi da fito, kalma bayan kalma, ba a rage komai. Shi ake ce wa harshen tsuntsaye. Turkanci kuwa harshe ne mai son jan kalma, a ɗauko guda ɗaya a yi ta ɗaura mata jela har ta zama zance sukutum, sai mai dogon numfashi ne ke kai ta ƙarshe ba ta tsinke masa a hanya ba. Matar Refik, Nazmiye, ba a taɓa jin kalma ta tsinke mata ba.

Mafi yawan mutane sai sun sa yatsa a baki. Ita kuwa harshe kawai take jinginawa a bayan haƙoranta, hannayenta biyu na kan aiki, ta saki magana ta tsallake kwari har ta dawo. Tana ji da wannan, kuma tana ji da haƙoran, farare tas a jere. In mace ta sa yatsu biyu a baki za ta kira ɗanta, Nazmiye takan kawar da kai irin na wanda ya ga babba yana rarrafe.

Da kunnen Refik ya mutu, sai hirar gidansu gaba ɗaya ta koma fito, har a cikin ɗaki. Ba a yin fito a asirce, don haka duk gangaren ya san abin da ake ciki a gidan.

"Tsoho, ka sake shigo mini da takalmi!"

Kafin Refik ya amsa sai ka ji wani daga ƙetaren rafi: "Refik, cire takalmin mana, mu ma mu huta!"

An san ranar da ta dafa baƙin kabeji da wake, an san ranar da gwiwarsa ta motsa, an san sun yi musu a kan ko wace shekara ce aka yi babbar ambaliya. Nazmiye ba ta damu ba. Shekara arba'in da shida suna hira da mutumin nan, ba ta ga dalilin da zai sa ta daina don mutane suna saurare ba.

Sai ga shi haƙoran sun ci amanarta. Ciwon dasashi ne ya fara a hankali, tana ɓoyewa, tana kurkure baki da ruwan gishiri, har ya kai tana jin suna girgiɗi in ta ciji burodin masara. A watan Maris likitan haƙori a garin Giresun ya duba ya girgiza kai, ya ce babu na ajiyewa. Ya cire su duka. Bayan mako shida ya sa mata na roba, masu kyau kuwa, har ya ba ta madubi ya ce ta koma 'yar shekara arba'in.

Ranar da ta dawo gida da su, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a baranda. Refik yana can ƙasa yana gyaran shinge. Ta jingina harshe yadda ta saba, ta hura. Iska ce kawai ta wuce. Ta gyara tsayuwa ta sake, ba komai. A karo na uku ta tattara duk ƙarfinta, sai haƙoran sama suka yi tsalle suka bar bakin suka faɗa cikin kabeji. Ta sauka da sauri ta tsince su tana waige-waige, ta goge da gefen zane. Ba wanda ya gani, amma sai da ta zauna a kan matakala ta yi kuka.

Nazmiye ba ta iya rubutu ba. Wata huɗu kawai ta yi a makaranta mahaifinta ya cire ta don ta riƙa goyon ƙannenta. Refik yana karatu, amma me za ta ba shi ya karanta? Sai aka koma nuni da hannu. Abinci, ta nuna baki. Ruwan sama, ta nuna sama. Amma yaya za ka nuna wa mutum da hannu cewa ka yi mafarkin mahaifiyarka, ko cewa labarin da yake bayarwa ba haka aka yi ba? Da farko Refik yana ta zuba surutunsa da ƙarfi irin na kurame, ita kuma tana gyaɗa kai. A hankali ya rage. Mutum ba ya daɗewa yana magana da gyaɗa kai. Kafin rani ya yi tsaka, sai su zauna a baranda da kofunan shayi, shi yana kallon dutse, ita tana kallonsa.

A watan Yuli ne abin ya kai inda ba a iya ɓoye shi. Refik ya gangara gonar ƙasa da safe don sare ciyawa a ƙarƙashin itatuwan findik, masu 'ya'ya a cikin ɓawo da ake ci kamar gyaɗa, kafin lokacin tsinka ya zo. Maƙwabtansu na kusa duk sun hau tudun kiwo da shanunsu. Wajen hantsi gajimare ya sauko ya cika kwarin, ko tafin hannunka ba ka gani. A da, in haka ta faru, Nazmiye takan tsaya a baranda ta yi ta kira, shi kuma ya bi sautin har gida. Ran nan sai ta ji fitonsa yana haurowa ta cikin farin nan.

"Nazmiye, ta ina gida yake?"

Ta buɗe baki ta ƙwala masa kira da murya har maƙogwaronta ya yi zafi. Ta ɗauko tukunya ta yi ta buga ta da ludayi. Ta san ba ya ji, amma ba ta iya tsayawa haka kawai ba.

"Nazmiye, kina nan? Amsa mini."

Sau bakwai ya kira ta, ta ƙirga. Daga nan ya yi shiru. Hulusi, wani dattijo da gidansa ke kan ƙoƙuwar tudun ƙetare, shi ya ji ya gangaro da sanda yana lalube. Sai bayan azahar ya sami Refik a gindin wata bishiya, ya zame ya gurɗe ƙafa, tufafinsa sharkaf. Da aka shigo da shi, sai ya kama hannunta ya riƙe.

Labari ya kai Istanbul kafin ƙafar ta saɓe. Da Sedat ya zo tsinkar findik a watan Agusta, ya bari sai da aka ci abinci sannan ya zaunar da uwarsa.

"Inna, in an gama shanya an ɗure buhuna, zan tafi da ku. Na gyara muku ɗaki."

"A bene na huɗu? Ka manta zuwanmu na bara? Sau ɗaya na kira ubanka cin abinci, matar sama ta sauko tana buga ƙofa wai an shigo da aku."

"To yanzu ai ba kiran za ki yi ba, Inna."

Ya faɗa ne ba da mugunta ba, amma sai da maganar ta soke ta. Ya ga haka ya sassauta murya.

"Ki yi haƙuri. Amma ki duba, da Baba Hulusi bai ji ba fa? Da a rafi ya faɗa fa? Ni ina can ina tuƙi, hankalina yana nan."

"A can wa zai yi masa magana? Nan ko ba ni, wani zai yi masa fito daga ƙetare ya tambaye shi gwiwa. Can kuwa ka sa shi cikin kwalba ka toshe."

Sedat ya daɗe yana juya cokali a kofi. Shi ma ɗan kwarin ne, yana jin fito sarai ko da yake bakinsa ya manta yadda ake yi, kuma ya san gaskiya ta faɗa.

"Shi ke nan. Ki kira shi sau ɗaya a gabana, daga barandar nan zuwa gonar ƙasa, ya gane abin da kika ce ya amsa. In kin yi haka, wallahi ba zan ƙara tayar da maganar ba. In bai yiwu ba, ranar da aka loda buhuna mu tafi tare."

Kwana ashirin da 'yan kai suka rage. Kuma duk kwarin nan mutum ɗaya ce aka sani tana fito ba ta da haƙori ko guda, ita ce Kadriye, wadda gidanta ke fuskantar na Nazmiye daga ƙetaren rafi. Shekara goma sha huɗu ke nan ba su gaisa ba.

Ga yadda aka yi. Lokacin da haƙoran Kadriye suka zube, ba ta yarda an sa mata na roba ba. Wata rana Nazmiye tana gona, ƙanwar mijinta tana gonar da ke sama da ita kaɗan, sai shaiɗan ya ɗarsa mata wata magana mai daɗi. Ta duba iska ta ga ba ƙetare take kaɗawa ba, sai ta yi ɗan fito ƙasa-ƙasa: "Kin ga Kadriye kuwa? Bakinta ya koma bakin buhun da aka zazzage." Ta manta da Hulusi. A kwarin nan, in ka ji an ambaci sunan mutum kuma kai ne ka fi kusa da shi, wajibi ne ka miƙa saƙon gaba, ba a tsayawa tambaya. Hulusi yana kan tsani yana gyaran rufi, kunnensa ya kama sunan, bakinsa ya yi aikinsa kafin hankalinsa ya iso: "Kadriye! An ce bakinki ya koma bakin buhun da aka zazzage!" Sai da ya kai ƙarshe ya ji abin da ya faɗa, har ya kusa faɗowa daga tsanin. Magana zarar bunu, ta riga ta fita, kuma gida talatin sun ji. Shekara guda ba a ƙara jin fiton Kadriye ba. Sai wata safiya aka ji ta kira saniyarta da ƙarar da ta fi ta da, ba kuma wanda ya san yadda ta yi.

Kwana biyu Nazmiye tana jujjuya abin a ranta. A na uku ta toya burodin masara, ta naɗe a ƙyalle tare da curin man shanu, ta gangara rafi. Tana haurawa tana tsara abin da za ta ce, kafin ta kai duk ya zube.

Ta sami Kadriye a filin shanya, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa da jan ɗankwali, tana juya findik da manjagara. Nazmiye ta tsaya a bakin filin.

"Sannu da aiki, Yaya Kadriye. Allah ya kawo sauƙinsa."

Kadriye ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen layi. Sannan ta jingina da manjagarar ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa.

"Ikon Allah. Yau wace rana? Ashe hanyar gidana ba ta toshe ba."

"Na kawo miki ɗan burodi."

"Da wane haƙorin zan ci? Ajiye can, na jiƙa a madara." Ta matso kusa ta leƙa fuskar Nazmiye. "Yi murmushi mu gani. Kai, masha Allah! Kamar na amaryar cikin talabijin. Suna magana kuwa?"

Nazmiye ta sunkuyar da kai.

"Na san ba sa yi," in ji Kadriye. "Wata biyar kwarin nan shiru, har na fara jin kukan tsuntsayen gaske. Ban ƙara sanin ranar da Refik ya shiga ɗaki da takalmi ba. Ke, kin san kin katse mini hira? Ni da nake zaune ni kaɗai, gidanku ne rediyona."

Dariya ta so ta kama Nazmiye, sai ta juye ta zama hawaye. Ta faɗa mata komai a tsaye, har da sharaɗin Sedat da kwanakin da suka rage. Kadriye ta saurara ba ta katse ta ba. Da ta gama sai ta miƙa mata tafin hannu.

"Tofo su nan."

"Me?"

"Haƙoran. Da su a baki ba abin da za ki koya, sai dai ki harbe ni da su. Cire."

Tun ranar da aka sa mata su, ko Refik bai ga bakinta babu su ba. Ta dubi hanya, ta dubi gidajen ƙetare.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, 'yar nan. Ko mijin kike so ko haƙoran."

Nazmiye ta juya baya ta cire su, ta sa a aljihun rigar sanyinta, ta juyo tana rufe baki da hannu. Kadriye ta janye hannun a hankali. Ta dubi leɓunan da suka lotsa ciki, ta dubi haɓar da ta matso kusa da hanci. Nazmiye ta rufe ido tana jiran abin da ta san ta cancanta, don ita ta shuka shi da bakinta.

"Dasashinki ya warke da kyau," in ji Kadriye. "Ya fi nawa ƙwari. Zo mu shiga wurin saniya, can ba mai jin mu."

A ɗakin saniya aka yi karatun. Kadriye ta nuna mata yadda za ta lanƙwasa manuniya, ta naɗe leɓuna a kan dasashi, ta tura gaɓar yatsar ta danne harshe, har ƙashin yatsa ya tsaya inda haƙori yake tsayawa a da. Nazmiye da ta yi shekara sittin tana raina masu sa yatsa a baki, ga ta tsaye gaban saniya, yawu na bin hannunta har gwiwa. Ta hura har jiri ya ɗebe ta, ta dafa bango.

"Ba wuta kike hurawa ba! Sassauta. Ƙasa da harshen. Ke, wannan harshen naki da ya iya yanka mutane, yau ya kasa kwanciya?"

Kullum da sassafe, da ta sallami Refik da Sedat zuwa gona, sai ta gangara rafi. Kadriye ba ta bar ta ta zauna a banza ba: in baki ya gaji, sai ta miƙa mata manjagara. Kwana takwas ba abin da ke fita sai iska da yawu. A na tara wani ɗan sauti ya kuɓuce, siriri kamar na ɗan tsako, har saniya ta waiwayo. Kadriye ta buga cinya ta yi guɗa. Amma sauti daban, magana daban. Sai da aka koma farko, ana hawa ana sauka, yau sunan mutum, gobe "zo", jibi "na ji", kamar yadda ake koya wa mai tatata. Dogayen kalmomin nan da Nazmiye take ja a da ba ta ko numfasa ba, yanzu a tsakiya suke karyewa, ta koma ta ɗauko su daga tushe.

Wata rana suna hutawa a bakin ƙofa da shayi, Nazmiye ta tambaye ta wa ya koya mata.

"Wa kuwa? Saniya. Ba wannan ba, uwarta. Shekara guda ina shiga nan ina rufe ƙofa. Na gwada yatsa ɗaya, na gwada biyu, na gwada ganye, har cokali na gwada. Da akwai mai nuna mini, wata guda ya isa." Ta kurɓi shayi. "Ranar da Refik ya ɓata a hazo, ina tsaye a nan ina jin yana kiranki. Na ji kina buga tukunya. Sau biyu na sa takalmi zan zo wurinki bayan nan, sai in ce a'a, wannan mai girman kan za ta ce dariya na zo yi mata."

"Yaya Kadriye, maganar nan da na yi…"

"Wace? Ta buhu? Ai ba ƙarya kika yi ba, na duba madubi."

"Ki yafe mini. Shekara goma sha huɗu kina fushi da ni, kuma da gaskiyarki."

Kadriye ta ajiye kofin da ƙarfi.

"Ni ke fushi? Ji mini mata! Zagin ya yi mini zafi mako guda, ba zan ɓoye miki ba. Bayan nan na haɗu da ke a wurin niƙa, na buɗe baki zan gaishe ki, kika juya mini ƙeya. A bikin 'yar Hulusi na matsa miki wuri, kika koma bayan ɗaki. Ke kika yi zagin, ke kika yi yajin. Ni dai na ce to, in ta gama jin kunyarta ta zo."

Duk shekarun nan Nazmiye ta ɗauka ƙofar a kulle take, ashe ita ce ba ta taɓa turawa ba. Ta kamo hannun tsohuwar, busasshe mai kaushi, ta sumbace shi ta ɗora a goshinta kamar yadda ake yi wa iyaye ranar salla. Godiya ta cika mata ƙirji har ta rasa ta inda za ta fara, sai kawai ta ce, "Allah ya biya ki, Yaya. Allah ya sa ki gama lafiya."

"Amin. Sakar mini hannu, ki tashi. Har yanzu in kin ce Refik kamar kina kiran akuya ne."

Ranar loda buhuna ta zo da rana tas, ba ko ɗigon gajimare. Maƙwabta sun sauko daga tudun kiwo, an yi gayya a ƙofar gidan, maza na ɗaga buhuna zuwa babbar mota, mata na ta kai da kawo da tiren shayi. Sedat ya riga ya sa akwatunan iyayensa biyu a bayan ƙaramar motarsa. Bai tambayi uwarsa komai ba tsawon kwanakin nan, ita ma ba ta ce masa komai ba. Refik kuwa tun da safe ya ɗauki sanda ya gangara gonar ƙasa, ya ce zai dubo ko an bar tsani a can. Kowa ya san ba tsani ya je dubawa ba.

Nazmiye ta so a ce babu kowa. Ta tsaya a ƙofar madafa tana kallon taron, mutum ya fi ashirin, har da matan da ta sha yi wa dariya. Ta hango ƙetaren rafi, ga ɗan jan ɗankwali a baranda, tsaye cak. Sai ta goge hannu ta fita.

"Sedat, zo nan. Miƙo hannunka."

Ya miƙa, yana zaton mukulli za ta ba shi. Ta cire haƙoran sama da na ƙasa ta ɗora masa a tafi.

"Riƙe mini. Kada ka yar."

Hira ta tsaya. Wani mai buhu a kafaɗa ya tsaya da shi a haka. Nazmiye ba ta dubi kowa ba. Ta je bakin baranda, ta lanƙwasa yatsa, ta naɗe leɓe, ta hura. Iska ce ta fita, da ɗan tsiyayin yawu. Ta ji wata ta ce "wayyo" ƙasa-ƙasa a bayanta. Ta goge yatsar a zane, ta sassauta kafaɗa yadda aka koya mata, ta kwantar da harshe.

"Refik! Hauro gida, miyar kabeji ta sauka!"

Ba irin fitonta na da ba ne. Wannan ya fi kauri, yana ɗan rawa a ƙarshe. Amma ya tsallake shinge, ya gangara, har dutsen ƙetare ya maido da shi. Kowa ya kasa kunne. Can ƙasa cikin itatuwa ba motsi. Sai da aka ɗan jima sannan amsa ta hauro, gajeriya.

"Sake."

Ta ja numfashi ta sake faɗa, a hankali, tana rarrabe kalmomin.

"Sake."

Sedat ya matso kusa da ita, haƙoran na hannunsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada mutane su ji.

"Inna, yana jin ƙarar, amma bai gane ba. Kin yi ƙoƙari wallahi. Bari haka, kada jiri ya ɗebe ki."

Ba ta ko dube shi ba. Ta dafa ƙarfen baranda da hannu ɗaya, ta tattara abin da ya rage mata na numfashi, ta aika a karo na uku, har idanunta suka yi duhu-duhu.

Daga nan fiton Refik ya taso, dogo, yana karyewa yana ɗorawa, duk wanda ke tsaye a wurin ya ji shi, na ƙetare ma sun ji.

"Na ji tun na farko. Miyar kabeji, na ji. Wata shida ban ji muryarki ba, tsohuwa. Sake faɗa."

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake mutanen kwarin nan ba sa barin irin wannan ta wuce. Mai buhu ya sauke buhunsa a hankali. Sedat ya dubi abin da ke tafinsa, ya dubi uwarsa, ya sa haƙoran a aljihun rigarsa, ya nufi motar ya buɗe bayanta ya fara sauke akwatuna.

Nazmiye ta share ido da gefen ɗankwali, ta share yatsa, ta mayar da ita baki, ta sake gaya masa miya ta sauka.